Tsohon besbod na ruwan zafi: ta yaya zan san yawan ɗumin da yake bayarwa kafin a sa ni sayen sabuwar boila?

Baban Amira, Wusta

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san aikin ɗumama gida da ruwan zafi ya ba ni shawara, don lokaci yana neman ƙure min.

Bara muka sayi gida a Wusta, jihar Masacusets, bayan shekara goma sha ɗaya muna haya. Tsohon gida ne, takardunsa sun nuna 1958 aka gina shi. Ƙasa akwai falo, kicin, banɗaki da ɗaki biyu, sama kuma ƙananan ɗakuna biyu a ƙarƙashin rufi. Ɗumamarsa ta ruwa ce. Akwai boila mai aiki da gas a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ita ke dafa ruwan, famfo ya tura shi cikin bututu ya zaga gindin bangon kowane ɗaki, cikin wannan dogon murfin ƙarfen da ake ce wa besbod. Da alama ba a taɓa canza shi ba tun ginin gidan, don fentin da ke kansa ya yi hawa uku ko huɗu, na banɗaki har tsatsa ta huda shi.

Damuwata ɗakin baya ne na ƙasa. Hunturun bara na rataye ma'aunin zafi a ciki. Ranar da sanyi ya yi tsanani, falo yana digiri 68 na Faranhait, ɗakin nan da asuba 57. Sai muka ja ƙofarsa muka mai da shi wurin ajiyar kaya, magana ta wuce. To bana mai ɗakina tana da juna biyu, muna sa ran haihuwa a Janairu in Allah ya yarda, kuma Hajiya mahaifiyarta za ta taso daga Kano farkon Disamba don ta zauna da ita har a gama jego. Hajiya tana fama da gwiwa, ba maganar hawa bene. Ɗakin bayan nan shi kaɗai ne nata. Ni kuwa ba zan iya haɗa ido da surukata ba a ce ta kwana tana rawar ɗari a gidana.

Na kira wani kamfani. Mutuminsu ya zo, ko minti goma sha biyar bai yi ba. Bai auna komai ba, ɗakin ma leƙawa kawai ya yi daga bakin ƙofa. Ya sauka ƙasa ya haska farantin da ke jikin boila, ya ce ta tsufa ta gaji, a cire a sa mai BTU 160,000 (BTU shi ne awon yawan zafi, a nan na awa guda). Kuɗin da ya rubuta ya haura dala 9,000. A jikin farantin tsohuwar an rubuta abin da take ci 140,000, abin da take bayarwa 112,000.

Abin da ya tsaya min a rai: in boilar ce ta gaza, me ya sa falo da kicin da sama duk suke da ɗumi, har yara suna tuɓe rigar sanyi? Ina son in san yawan zafin da besbod ɗin kansa yake iya fitarwa, ɗaki-ɗaki. Na duba ko'ina a jikinsa, ba sunan kamfani, ba lamba. Akwai hanyar da mutum zai lissafa da kansa?

Alhaji Mai Famfo, Niyok

Wa alaikumus salam. Baban Amira, kada ka sa hannu a takardar kowa tukuna. Shekarata ashirin da shida ina wannan aiki, kuma tambayar da ka yi ita ce wadda ya kamata wancan mutumin ya yi wa kansa kafin ya buɗe baki.

Boila tukunya ce, besbod ludayi. Ko tukunyar ta kai ta gidan biki, abin da ludayi ya ɗebo shi ke zuwa kwano. Ka ƙara girman boila ninki biyu, in besbod ɗin ɗakin bai canza ba kuma zafin ruwan bai canza ba, ɗakin yana nan a 57 ɗinsa.

Rashin suna a jiki ba matsala ba ne, don waɗannan abubuwa kusan duk uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ka fara cire murfin gaba. Ka kama shi daga ƙasa ka ɗaga sama ka jawo, zai fita, sai dai in fenti ya manne shi. In ka ga bututun jan ƙarfe mai faɗin inci uku bisa huɗu, an jera masa siraran fuka-fukan alminiyam masu kusurwa huɗu kamar haƙoran mataji, to irin gama-gari ke gare ka. In kuwa ba murfin da ke fita, abin duk guda ne mai nauyi, ka ƙwanƙwasa ka ji ya yi dum, wannan na zubin baƙin ƙarfe ne irin Baseray, lissafinsa daban. Tunda ka ce tsatsa ta huda murfi, na san na farkon ne.

Sai awo. A nan mutane suke yaudarar kansu. Kada ka auna murfi, fuka-fukan za ka auna. Magina suna jan murfi daga kusurwa zuwa kusurwa don ya yi kyau a ido, amma a ciki wani wurin tsurar bututu ne kawai, kuma tsurar bututu abin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba. Na sha buɗe murfi mai ƙafa 16 in tarar da fuka-fukai ƙafa 9. Ka ɗauki tef ka bi ɗaki-ɗaki, ka rubuta inda fuka-fuki ya fara da inda ya ƙare.

Bayan nan sai zafin ruwa, don ƙafa ɗaya ta besbod ba ta da adadi ɗaya. Ga abin da takardar kamfanin Slant/Fin take nunawa na irin nasu na gidaje, kuma sauran kamfanoni ba su yi nisa da shi ba. In matsakaicin zafin ruwa digiri 180 ne, ƙafa ɗaya tana ba da kusan BTU 580 a awa. A 170 ya sauko 510. A 160, 450. A 150, 380. A 140, 320. In ka sauko 120 ka koma wajen 210. Duk wannan da sharaɗin iskar da ke shiga ta ƙasan murfi tana digiri 65. Ka lura da yadda yake zubewa: ka rage wa ruwa digiri 40, ka yi asarar kusan rabin ɗumin.

Shi ya sa nake zargin ɗakin Hajiya shi ne na ƙarshe a layi. A yawancin gidajen wancan zamani bututu ɗaya ne yake fita daga boila, ya bi ɗaki na farko, ya wuce na biyu, har ya dawo. Kowane ɗaki yana yagar rabonsa, na ƙarshe ya sami saura. An tsara ne ruwa ya dawo da ragin digiri 20 kacal. In ya fi haka, ruwan yana tafiyar hawainiya.

Ka sayi ma'aunin zafi mai kama da bindiga, ba shi da tsada. Amma kada ka haska shi a kan jan ƙarfe mai sheƙi, ƙarya zai yi maka. Ka naɗa baƙin tef na masu gyaran wuta a wurin, ka haska a kan tef ɗin daf da daf. Ka ɗaga tamostat, wato na'urar saita zafin gida da ke jikin bango, zuwa 80 don kada famfo ya tsaya, ka jira minti ashirin, sannan ka auna wuri huɗu: inda ruwa ke fita daga boila, inda yake shiga ɗakin baya, inda yake fita daga ɗakin, da inda yake komawa boila. Ka maimaita sau uku ko huɗu ka ɗauki tsaka-tsaki, don zafin yana hawa yana sauka. Kana tsaye a ƙasan kuma ka riƙe agogo, ka ƙirga cikin awa guda minti nawa wutar boilar ta ci. Ka kawo min lambobin.

In ka ga wani farin abu kamar filasta an naɗe tsofaffin bututun ƙasa da shi, kada ka taɓa, kada ka kankare. Zai iya zama asbestos, tsohon abin tare zafi mai ƙura mai cutarwa.

Maman Sadik, Bafalo

Malam, Allah ya sauke ta lafiya, ya kawo Hajiya lafiya. Ni ban san lissafi irin na Baba Alhaji ba, amma na yi shekara shida a gidan haya mai irin wannan hita, kuma ka san Bafalo da dusar ƙanƙara.

Shekarar farko ɗakin yarana sanyi kamar firji. Na yi ta kiran mai gida yana min gobe-gobe. Wata rana ɗan kunnena ya faɗa ta ramin sama na murfin, na buɗe don in ciro, abin da na gani sai da tsigar jikina ta tashi. Ƙura ta haɗu da gashin kyanwar mutanen da suka tashi ta zama kamar bargo, ta lulluɓe fuka-fukan gaba ɗaya. Har da fensir, da kwabbai, da kan 'yar tsana. Wasu fuka-fukan sun lanƙwashe sun manne da juna inda aka tura gado ya danne su. Na zauna yini guda da injin zuƙar ƙura da tsohon buroshin fenti, na miƙe waɗanda suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya da wuƙar shafa bota. Suna da kaifi, ka sa safar hannu, ni sai da na yanke yatsa biyu. Daren ranar Sadik ya kwana ba tare da hula ba.

Ka duba abu biyu kuma. A saman murfin akwai wata siririyar ƙofa mai juyawa, sau da yawa fenti ya kama ta a rufe. Sannan ƙasan murfin, dole a sami sarari iska ta shiga. In an shimfiɗa kafet mai kauri ya toshe wurin, abin ba zai yi numfashi ba. Iska mai sanyi ta ƙasa take shiga, ta ɗumama, ta fita ta sama. Labule mai jan ƙasa ma haka yake hana shi.

Tunda gidanka na 1958 ne, don Allah kada ka goge tsohon fentin nan da takardar yashi da mai ciki a gida. Sai a 1978 aka hana fenti mai dalma a gidajen ƙasar nan, kuma ƙurarsa guba ce ga jariri. Tsumma mai danshi ya isa.

Na ƙarshe, kuma wannan ina faɗa ne da zuciya ɗaya: iyayenmu sun saba in hunturu ya shigo a hura gawayi a kasko a shigar ɗaki. Ka yi wa Hajiya bayani da ladabi tun ranar da ta sauka cewa gidajen nan a toshe suke ruf, ba kamar na gida ba da iska ke shiga ta ko'ina. Hayaƙin gawayi marar wari yana kashe mutum yana barci. Ko na turaren wuta a yi hattara. Ka tabbata akwai na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska, a ƙasa kusa da boila da kuma bakin ɗakunan kwana.

Baban Amira, Wusta

Allah ya saka muku da alheri. Jiya Asabar tun bayan sallar asuba nake durƙushe a gindin bango, gani ya kori ji.

Alhaji, kamar kana wurin. Murfin gidan gaba ɗaya ƙafa 118 ne, fuka-fukai ƙafa 96. Layi biyu ne, kowanne da tamostat ɗinsa: ƙasa ƙafa 62, sama ƙafa 34. Ɗakin baya murfinsa ƙafa 14, ya bi bango ɗaya ya karya kwana. Fuka-fukai a ciki ƙafa 8 ne kawai. Duk ɓangaren da ke ƙarƙashin tagogi biyu na arewa tsurar bututu ne. Kuma shi ne na ƙarshe a layi, na bi bututun da tocila a ƙasa na gani da idona.

Zafin ruwa: fita daga boila 178, shiga ɗakin baya 152, fita daga ɗakin 149, komawa boila 148. Wutar boila cikin awa guda, layin ƙasa kaɗai yana aiki, minti 14 ta ci. Takan kama kamar minti biyu ta mutu, ta jima ta sake kamawa.

Maman Sadik, ƙurar da na kwashe ta cika leda biyu. Ƙofar saman a rufe take rabi, kuma masu gidan na da sun sa kafet a kan kafet, sararin ƙasa bai fi kaurin yatsa ba. Na yanke gefen kafet ɗin. Fentin ban taɓa shi ba.

Ɗakin ƙafa 12 ne da 13, bango biyu suna kallon waje, taga uku tsofaffi masu ƙarin gilashi a waje, kuma rabin ƙasansa a kan gareji yake.

Ɗan Zazzau, Miniyapolis

Yaya Baban Amira, sannu da aiki. Ni injiniya ne a ɓangaren iska da ɗumamar manyan gine-gine, Baba Alhaji ya fi ni sanin gidaje nesa ba kusa ba, amma bari in sa baki a lissafin.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da lambobin takarda. Tun da daɗewa masu ƙera besbod suna ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan abin da aka auna a gwaji, da hujjar cewa ɗumin da ke fita daga gindin bango ya fi amfani ga mutum. Ba zafi ne na gaske da ruwa ya saki ba. Saboda haka 580 ɗin nan a zahiri wajen 500 ne, 380 kuma wajen 330. Ga tsohon besbod ni da waɗannan nake aiki.

Gidanka gaba ɗaya: 96 sau 500, BTU 48,000 a awa, in ruwa yana 180 a ko'ina. Iyakar abin da bangonka zai iya sha ke nan. Boilar da aka ce ta gaza tana ba da 112,000, ta ninka shi fiye da sau biyu. Agogonka ma ya ba da shaida: minti 14 cikin 60 sau 112,000 ya kama wajen 26,000. Ta ɗaya hanyar, layin ƙasa ƙafa 62 da matsakaicin zafi 163, kowace ƙafa kamar 410, ya ba da 25,400. Hanya biyu daban sun haɗu a wuri ɗaya, wannan ya sa na yarda da awonka.

Amma sanin abin da besbod ke bayarwa rabin magana ne, sai an san abin da gidan ke zubarwa. Ƙwararru suna yin wannan da tsarin da ake kira Manual J, suna auna kowace taga da bango. Akwai gajeriyar hanya da bil ɗin gas. Ka ɗauko na Janairun bara. Awon da suke rubutawa therm, kowane ɗaya BTU 100,000 ne. Ka cire abin da kuke ƙonawa a watan Yuli, wannan na girki da wanka ne. Sauran ka ninka da 0.8, tunda boilarka kashi 80 take mayarwa ɗumi. Sai ka nemo a intanet jimillar digirin sanyi na kwanakin bil ɗin a Wusta, wato kowace rana digiri nawa matsakaicin zafin waje ya gaza 65, a tara su duka. Ka raba, ka sake rabawa da 24, za ka sami abin da gidanka ke asara a awa a kan kowane digiri ɗaya.

Turo min lambobin in ƙarasa.

Baban Amira, Wusta

Janairu awo 185, kwana 31. Yuli awo 20. Jimillar digirin sanyi na waɗannan kwanaki na samu 1,250. Tamostat a 68 muke barinsa.

Ɗan Zazzau, Miniyapolis

Madalla. 165 sau 100,000 sau 0.8, BTU miliyan 13 da dubu 200. A raba da 1,250, a raba da 24, ya ba da 440 a awa kan kowane digiri. Ranar da waje ya sauka digiri 5, wato 15 ƙasa da sifiri a Salshiyos, tazararsa da 65 sittin ce. 60 sau 440, BTU 26,400. Ka ce 30,000 don a bar sarari. Boilarka ta kusa ninka buƙatar gidan sau huɗu, ana so a sayar maka da wadda ta fi ta.

Yanzu ga inda cutar take. Ka raba 30,000 da ƙafa 96, kowace ƙafa ana neman wajen 310 daga gare ta. Ɗakin baya kuwa, da tagogi uku da bango biyu da garejin da ke ƙarƙashi, na ƙiyasta yana zubar da tsakanin 4,000 da 5,000. A kan ƙafa 8, ana neman tsakanin 500 da 625 daga kowace ƙafa, alhali da ruwa mai 150 abin da take iyawa 330 ne, duka-duka 2,640. Ga shi kuma tamostat a falo yake. Falo yana ƙoshi da wuri, ya kashe famfo, ɗakin baya bai kai ko'ina ba. Kamar a haɗa yaro da babba kwano ɗaya, a ɗauke kwanon da zarar babba ya ce alhamdulillahi.

A cike ƙafa 6 ɗin nan da fuka-fukai su zama 14, buƙatar kowace ƙafa ta dawo wajen 320, daidai da sauran gidan. Shi ke nan ɗakin zai tafi tare da falo.

Ranar da tsohuwar boilar ta mutu da gaske, ka nemi ƙarama, irin ta zamani mai tatsar zafi daga hayaƙinta. Tana son ruwan da ke dawowa ya kasance ƙasa da 130, kuma tunda besbod ɗinka ya fi buƙatarka yawa, mafi yawan kwanakin hunturu ruwa mai 130 zuwa 140 zai riƙe gidan. Ko yanzu ma za ka iya rage zafin ruwan ka ga saukin bil.

Alhaji Mai Famfo, Niyok

Injiniya, lissafinka ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Amma maganarka ta ƙarshe ban yarda da ita ba, kuma ina so Baban Amira ya ji ni da kyau.

Kada ka taɓa ma'aunin zafin tsohuwar boilar nan. Ta zubin ƙarfe ce, ba a yi ta don ruwa mai sanyi ba. In ruwan da ke dawo mata ya daɗe ƙasa da 130 ko 140, hayaƙin gas zai riƙa zama raɓa a cikinta da cikin bututun hayaƙi, raɓar nan kuwa mai tsami ce, tana cin ƙarfe tana cin bulo. Na sha fitar da boilar da aka kashe ta haka don neman rage dala ashirin a wata. Naka yana dawowa a 148, ya isa, a bar shi.

Abin da ya fi damuna tazarar digiri 30 ɗin nan. Ƙa'idarmu mai sauƙi ce: BTU daidai yake da 500 sau galan a minti sau tazarar zafi. Ka ɗauki 25,400 ɗin Injiniya ka raba da 500 sau 30, galan 1.7 a minti. Bututu irin naka yana ɗaukar galan 4 lafiya lau. Wani abu yana shaƙe ruwan. Ko iska ta maƙale a layi, ko famfo ya gaji, ko wani ya rufe bawul, wato makullin ruwa, rabi ya manta. Kana jin ƙarar ruwa kamar ana tsiyaya a buta in famfo ya tashi? In eh, iska ce. Ka duba agogon matsi a jikin boila, in ta huce ya kamata ya nuna 12 zuwa 15. Sannan ka bi bututun dawowa na layin ƙasa ka duba kowane bawul. Mai hannu dogo in a buɗe yake hannun yana kwance tare da bututu. Akwai wani ƙarami mai tsagar sukundireba a kai, tsagar ita ma ta bi tsawon bututu.

Kuma lissafin bil yana da makafin wuri. Bara ɗakin nan a rufe yake a 57, ba ku biya kuɗin ɗumama shi ba. Bana za ku biya.

Maman Sadik, Bafalo

Ba ɗakin kaɗai ba, Baba Alhaji. Wa ya ce Hajiya za ta zauna a 68? Mamata da ta zo, sai da muka kai 75 sannan ta daina kwana da safa biyu. Ga jariri, ga ruwan wankan jego safe da yamma. Injiniya ya sake lissafi da mutumin Kano a ciki.

Ɗan Zazzau, Miniyapolis

Gaskiyarku ku biyun, Baba Alhaji na janye maganar rage zafi a wannan boilar. Anti, digiri 7 sau 440 ƙarin 3,000 ne da ɗoriya, sai a ce 33,000 ko 34,000. Besbod kuma yana ɗan rage bayarwa in iskar ɗaki ta fi 65, don tazarar da ke tsakaninsa da iskar ta ragu. Duk da haka gidan yana ƙarƙashin 48,000, ba a zo kusa da 112,000 ba. Sai dai a ɗakin Hajiya kada a tsaya rabin hanya, a cike ƙafa 14 ɗin duka, kuma a gyara gudun ruwa. In ruwan ya iso mata a 160, za ta sami wajen 5,400.

Ɗan Kurmi, Bostan

Maƙwabci, tunda a Masacusets kake, ka kira shirin Mass Save. Suna zuwa duba gida kyauta, kuma suna rage kuɗin toshe kafofin iska da sa audugar tare sanyi. Ka nuna musu rufin garejin nan. Layinsu yana da tsawo in sanyi ya shigo, yau za ka kira ba gobe ba.

Baban Amira, Wusta

Jama'a, ga inda aka kwana.

Alhaji, bawul ne. Ƙaramin mai tsagar sukundireba, a bayan tankin ruwan wanka inda hannu da ƙyar yake kaiwa. Tsagar a karkace take, ta kusa gicciye bututun. Ban murɗa da kaina ba don na ga koren tsatsa a wuyansa, na ji tsoron ya fara yoyo. Na sami wani dattijo mai gyaran famfo da wani ɗan'uwa a masallaci ya haɗa mu. Na nuna masa takardar da na rubuta awon a kai, ya karanta a tsaye, ya ce a kai shi ɗakin. Ya zubar da ruwan layin ƙasa, ya yanke tsurar bututun, ya liƙa sabo mai fuka-fukai ƙafa 6, ya canza bawul ɗin, ya cika ruwa ya fitar da iska. Awa uku da rabi, dala 480 har da kaya. Boilar ma ya duba wutarta da bututun hayaƙi, ya ce a bar ta ta ci gaba da aikinta.

Daren jiya waje ya sauka 24. Ruwa yana fita a 178, yana shiga ɗakin baya a 164, yana komawa boila a 160. Na ɗan rufe ƙofofin saman besbod na falo kamar kashi ɗaya cikin uku don famfo ya daɗe yana aiki. Na sa tamostat a 72, na kwana a ɗakin da kaina a kan katifar da muka saya wa Hajiya, ƙofa a rufe. Ƙarfe biyar na asuba ma'auni ya nuna 70. Ƙasan ɗakin ta wajen gareji har yanzu da sanyi in ka taka ba takalmi, kuma wurin ne za ta shimfiɗa dardumar salla. Masu duba gidan sun ba ni rana sai 9 ga Disamba, ita kuma jirginta 4 ga wata zai sauka.

Alhaji, kafin su zo, in na sayi allunan kumfa masu kauri inci biyu na manna a rufin garejin ta ƙasa da kaina, akwai haɗari? Na ji an ce ba a barinsu a buɗe a inda mota ke kwana saboda gobara.